Hazon Birni: Yadda Ake Lissafa Iskar Ozon da Kwamfuta

Gabatarwa

Hazo ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Da zarar kaka ta wuce, iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, sai ta kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta baza ta a kan garuruwanmu, gari ya yi dishi-dishi, leɓɓa su tsattsage, mura ta kama yaro da babba. Wannan hazo ƙura ce tsagwaronta, iska ce ta ɗauko ta daga wani wuri ta sauke a wani. Amma akwai wani hazon dabam wanda ba ɗauko shi ake yi ba, a sararin samaniyar birnin ake haɗa shi, kamar yadda ake haɗa miya a tukunya. Hayaƙin motoci da na masana'antu su ne kayan haɗin, hasken rana kuwa shi ne wutar. Abin da wannan girki ke haifarwa shi ne iskar da masana kimiyya ke kira ozon, tare da waɗansu 'yan rakiyarta masu sa ido raɗaɗi da hawaye.

A wannan maƙala za mu duba yadda aka gano asalin wannan hazo a birnin Los Anjalis na ƙasar Amurka, inda ya fara addabar mutane, sa'an nan mu ga yadda masana suka mai da sararin birnin lissafi, suka ɗora wa kwamfuta aikin faɗar abin da zai faru idan an rage wannan hayaƙi ko wancan. Irin wannan lissafi za mu riƙa kiransa kwaikwayo, domin kuwa aikinsa ke nan: ya kwaikwayi iskar gari, awa bayan awa, a cikin na'ura.

Yadda abin ya faro

Ran 26 ga watan Yuli na 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen Los Anjalis suka wayi gari cikin wani irin hazo mai kauri, mai yaji a ido da maƙogwaro, har waɗansu suka zaci Jafan ce ta kawo harin guba. Hukuma ta ɗora laifin a kan wata masana'anta mai yin sinadarin roba, aka dakatar da ita, amma hazo bai fasa dawowa ba. A 1947 aka kafa hukuma ta musamman don kula da gurɓatar iska a gundumar. Ta bi masana'antu da matatun mai, daga baya ma aka hana ƙona shara a bayan gidaje. Duk da haka idanu ba su daina hawaye ba, ganyayen lambu na ta ƙonewa a gonakin bayan gari, masu yin tayar mota kuma suka lura cewa tayoyinsu sun fi saurin tsagewa a wannan birni bisa ga sauran wurare.

Abin da ya rikita mutane shi ne, hazon da Turai ta sani ba haka yake ba. Na Landan, wanda ya rufe birnin daga 5 zuwa 9 ga Disamba na 1952 ya hallaka mutum wajen 4,000 bisa ƙidayar farko, hayaƙin kwal ne da ya gauraya da raɓar sanyi, kuma da sanyi yake zuwa. Na Los Anjalis kuwa da zafi yake zuwa, da tsakar rana, a garin da ba a cika ƙona kwal ba.

Wanda ya warware ƙullin wani masanin sinadarai ne ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, malami a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya da ke Pasadena. Abin sha'awa, shi ba masanin iska ba ne, aikinsa a da binciken sinadaran ƙamshi ne, har da ƙamshin abarba. Da dabarun da yake tatsar ƙamshi daga 'ya'yan itace ya tatsi iskar Pasadena. Sa'an nan ya haɗa tururin fetur da iskar naitirojin mai oksijin biyu a cikin kwalba, ya haska musu haske, sai ga ozon ya bayyana. Ma'auninsa ma mai sauƙi ne: yakan lanƙwasa 'yar tsinken roba ya ajiye, ya ƙirga mintocin da za ta yi kafin ta fara tsagewa. A 1952 ya buga sakamakonsa. Kamfanonin mai da na motoci ba su ji daɗin maganar ba, aka yi ta ja-in-ja, amma kafin shekarun 1950 su ƙare waɗansu masu bincike sun maimaita gwajin sun tabbatar da shi.

Girkin kansa

Wajibi ne mu ɗan tsaya a nan, domin wanda bai fahimci wannan mataki ba, ba zai ga dalilin da ya sa aka nemi taimakon kwamfuta ba.

Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 kuma oksijin. A zaman lafiya ba sa haɗuwa. Amma a cikin injin mota, inda zafi ya kai matuƙa, sai su ɗaure su zama NO, watau ƙwayar naitirojin ɗaya da ta oksijin ɗaya. Idan NO ya fito sarari ya sami ƙarin oksijin guda, ya zama NO2, wanda shi ne ke ba hazon launin ƙasa-ƙasa. Hasken rana na faɗa wa NO2 sai ya fasa shi, ƙwayar oksijin guda ta ɓalle, ta manne wa oksijin na iska mai ƙwaya biyu, a sami mai ƙwaya uku. Wannan mai ƙwaya uku shi ne ozon. Sunan daga Girkanci ya fito, daga kalmar da ke nufin sansana, kuma Bajamushe Christian Schönbein ne ya raɗa masa shi wajen 1840 saboda warinsa.

To, da a nan maganar ta tsaya da babu damuwa, domin NO ɗin da aka bari yakan juyo ya cinye ozon ɗin, ya koma NO2, a koma gidan jiya. Ana yi ana rushewa, ozon ba ya taruwa. Mai ɓata wannan daidaito shi ne tururin fetur da na fenti da na sauran sinadarai masu saurin tashi, waɗanda za mu tara su a ƙarƙashin suna ɗaya, haidirokabon. A cikin iska akwai wata 'yar ƙwaya mai zafin nama da ake kira OH, wadda ba ta cika daƙiƙa guda a raye ba amma ba ta barin kome ya wuce. Ita ce ke far wa haidirokabon ta farfasa shi, gutsattsarinsa kuma su ɗauki oksijin su miƙa wa NO, su mai da shi NO2 ba tare da an taɓa ozon ba. Ke nan an buɗe wata hanya ta biyu: NO2 na ƙaruwa, rana na fasa shi, ozon na taruwa, mai cinye shi kuwa an shagaltar da shi a wani wuri. Sai wajen 1970 masana suka gane matsayin OH a wannan sha'ani, kusan shekara ashirin bayan aikin Haagen-Smit.

Kada mai karatu ya rikita wannan ozon da wanda ake kuka a kan hudarsa. Sinadarin ɗaya ne, mazauni ne ya bambanta. Wajen kashi 90 cikin ɗari na ozon ɗin duniya yana can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35, yana tare mana muguwar zafin rana. Na ƙasa kuwa, wanda ke shiga huhu, yana ƙona hanyoyin numfashi, yana tayar wa masu ciwon fuka da ciwonsu, ya fi kuma cutar da yara da tsofaffi da masu aiki a rana. Yana rage amfanin gona, alkama da waken soya musamman.

Saura yanayin ƙasa. Los Anjalis tana cikin kwari, teku a yamma da kudu, duwatsu a arewa da gabas. Iska mai sanyi takan shigo daga teku ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi kuma ta zauna a bisanta kamar murfi, ta hana hayaƙi tashi. Da safe motoci su zuba hayaƙinsu a tsakiyar gari, iskar teku ta tura shi gabas sannu a hankali, yana tafiya yana dahuwa, sai da la'asar ya iso gindin duwatsu ya nuna sarai. Saboda haka garuruwan da suka fi shan ozon sau da yawa ba su ne suka fi yawan motoci ba. Wani ya yi ɓarna, wani ya sha wuya. A 1955 an auna ozon har kashi 0.68 cikin miliyan a yankin, wanda har yau ba a sake ganin irinsa a can ba.

Dalilin neman kwamfuta

A 1970 majalisar Amurka ta zartar da dokar tsabtace iska, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa. Doka ta ce kowace jiha ta kawo shirin da zai nuna yadda za ta sauko da gurɓatar iskarta zuwa ƙa'ida. Nan fa tambaya ta taso: me za a rage, kuma da nawa? Idan hayaƙin kwal ne, lissafin ba wuya, ka rage rabi, gurɓata ta ragu da kusan rabi. Amma ozon ba daga bututun kowa yake fitowa ba. Babu injin da za a nuna a ce ga mai fitar da shi. Kuma ba a iya tsayar da motocin birni mai mutum miliyoyi na shekara guda don a gwada a gani. Kowane mataki kuwa kuɗi ne masu ɗimbin yawa a wuyan masu masana'antu da masu motoci, in aka yi kuskure an yi asarar dukiya, huhun jama'a kuma bai huta ba. Abin da ya rage shi ne a gina birnin a cikin lissafi, a yi gwajin a can.

Yadda ake gina kwaikwayo

Tushen abin magana ce da kowane ɗan kasuwa ya sani: abin da ke cikin rumbu yanzu shi ne abin da ke ciki ɗazu, a haɗa da abin da ya shigo, a ɗebe abin da ya fita. Sai a ɗauki taswirar birni a ja mata layuka tsaye da kwance, ta zama gida-gida kamar fagen dara. Sa'an nan a yanka sararin da ke bisa kowane gida hawa-hawa, daga ƙasa har zuwa murfin nan da muka ambata ko sama da shi. Birni ya zama tarin akwatuna ke nan. A kowane akwati, ga kowane sinadari, kwamfuta za ta riƙa tambaya: nawa iska ta shigo da shi daga maƙwabta, nawa ta fitar, nawa motoci da masana'antu suka zuba, nawa haɗuwar sinadarai ta haifar ko ta cinye, nawa kuma ya sauka a kan ƙasa da ganyaye? Ta amsa, ta matsa gaba da 'yan mintoci, ta sake tambaya, haka har rana ta faɗi.

Waɗanda suka fara yin wannan sosai su ne Steven Reynolds da Philip Roth da John Seinfeld, a aikin da suka buga a 1973. Sun ɗauki fili mai mil 50 a tsaye da 50 a kwance na kwarin Los Anjalis, suka raba shi gida 625, kowane gida mil biyu-biyu, suka gwada lissafinsu da awon da aka yi a waɗansu ranaku na 1969. Matakan haɗuwar sinadarai da suka saka ba su kai ashirin ba. Wannan aiki shi ne kakan yawancin kwaikwayon da ake amfani da su a yau, irin su CMAQ da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 1998. Akwai kuma wata hanya mai araha, inda maimakon a kafe akwatuna iska na ratsa su, sai a ɗauki dunƙulen iska guda a bi shi daga safe zuwa yamma, ana lissafa abin da ya kwasa a hanya. Ta fi sauƙi, amma labarin hanya ɗaya kaɗai take bayarwa.

Wahalar aikin ta kasu, kuma ba duka ce ta kwamfuta ba. Ta farko ita ce yawan sinadarai. Haidirokabon da ke cikin iskar birni ɗaruruwa ne, kowanne kuma idan ya fashe yana haifar da 'ya'ya da jikoki. Wani kundi da aka tattara a Jami'ar Leeds ta Ingila ya ƙunshi matakai wajen 17,000. Ba yadda za a yi a warware wannan a kowane akwati, saboda haka sai a yi taƙaitawa. Wata dabara mai ban sha'awa da aka fito da ita wajen 1980 ita ce a daina kallon sinadari da sunansa, a kalli irin ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin kabon ɗinsa, a tara masu ɗauri iri ɗaya a gida ɗaya. Ɗalibin nahawu zai gane wannan nan take, domin haka muke yi wa fi'ilan Hausa: ba ma bin su ɗaya-ɗaya, muna kasa su aji-aji bisa ga ƙirarsu da karin sautinsu, mu ce duk na aji kaza ga halinsu. Da wannan dabara, tsarin da aka buga a 1989 ya wadatu da matakai 81 kacal, aka kuma yi shekaru ana yanke hukunci da shi.

Ta biyu ita ce bambancin tsawon rai. Ƙwayar oksijin da rana ta ɓalle ba ta kai ko kusa da ƙiftawar ido ba ta manne, OH daƙiƙa guda, amma iskar kabon mai guba takan yi wata biyu tana yawo. Idan kwamfuta ta bi takun mai sauri, ba za ta gama lissafin yini guda ba. Idan ta bi na mai nawa, lissafin ya wargaje ya ba da lambobin banza. Masana lissafi sun sha fama da wannan, kuma hanyar da William Gear ya bayyana a 1971 tana cikin waɗanda suka buɗe ƙofa. A ƙaddara birni an raba shi gida 100 sau 100, hawa 30: akwati 300,000 ke nan, a kowanne sinadarai wajen ɗari, ana sabunta su kowane 'yan mintoci. Wannan ne ya sa a farkon zamani kwana biyu ko uku kawai ake iya kwaikwaya, yanzu kuwa ana yin shekara sukutum ta nahiya guda.

Ta uku, wadda a ganina ta fi sauran tsanani, ita ce ƙididdigar hayaƙi. Dole wani ya zauna ya ƙiyasta motoci nawa ke bin kowane titi a kowace awa, shekarunsu nawa, gudunsu nawa, gidajen mai nawa ne, masu fenti da masu wankin kaya da sinadari nawa ne. Aiki ne na akawu, ba shi da kwarjinin kimiyya, amma duk ginin a kansa yake zaune.

Abin da lissafi ya tona

Babban abin da kwaikwayo ya koya wa masu mulki abu ne da hankali ba ya saurin karɓa: rage hayaƙin naitirojin yana iya ƙara ozon. Dalili kuwa shi ne NO fuska biyu gare shi. Shi ne tushen ozon, shi ne kuma mai cinye shi. Bugu da ƙari, idan NO2 ya yi yawa ainun, sai ya kama 'yar ƙwayar nan OH ya ɗaure ta, su zama ruwan asid su faɗo, wutar girkin ta yi sanyi. To, a tsakiyar birni inda motoci suka cushe, naitirojin ya yi yawa har yana danne girkin. Ka rage shi kaɗan, ka saki OH, ozon ya tashi. A irin wannan wuri haidirokabon ya kamata a fara ragewa. A bayan gari kuwa, inda naitirojin ya yi ƙaranci, shi ne abin da girkin ke jira, rage shi shi ne magani, rage haidirokabon kuwa ɓata lokaci ne.

A 1977 Marcia Dodge ta hukumar kare muhalli ta Amurka ta zana wannan a taswira guda: haidirokabon a kwance, naitirojin a tsaye, layuka masu lanƙwasa suna nuna yawan ozon da kowane haɗi zai bayar. Taswirar tana da ƙirar tudu, ƙoƙuwarsa tana bin inda haidirokabon ya ninka naitirojin wajen sau takwas. Kafin hukuma ta ɗauki mataki, sai ta san a wane gefen tudun birninta yake, in ba haka ba garin neman ƙiba ta samo rama. Kuma ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. Tun shekarun 1970 an lura cewa a waɗansu biranen Amurka ozon ya fi yawa ranar Asabar da Lahadi, ranakun da manyan motocin dizal ke hutawa. A 2020 ma, sa'ad da annobar korona ta kulle birane, NO2 ya faɗi warwas a biranen Sin da Turai da dama, amma a waɗansunsu ozon hawa ya yi.

Inda kwaikwayo ya yi tuntuɓe

Kada a ɗauka na'ura ba ta kuskure. Shekaru da dama Amurka ta dage a kan rage haidirokabon, lissafi na cewa nan da shekara kaza za a kai ga ƙa'ida, shekarar ta zo ta wuce ba a kai ba. Birnin Atlanta ya zama abin misali. A 1988 William Chameides da abokan aikinsa suka nuna cewa itatuwan da suka kewaye birnin suna fitar da wani haidirokabon na halitta mai suna aisofirin, mai saurin shiga girki, kuma yawansa da zafi ya isa ya ci gaba da ciyar da ozon ko da an kawar da na motoci gaba ɗaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun da ba za a sare daji ba, ashe naitirojin ya kamata a bi a can tun farko.

A 1987 kuma aka yi awo a cikin wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa a Van Nuys, cikin Los Anjalis, inda ake iya kama hayaƙin motoci na ainihi ba na ɗakin gwaji ba. Aka tarar haidirokabon da motoci ke fitarwa ya ninka abin da ke cikin ƙididdiga. Tambayar da ta biyo baya mai nauyi ce: idan kayan haɗin da aka ba kwamfuta ba daidai ba ne, yaya aka yi take fitar da ozon da ya yi kusa da wanda aka auna? Amsa ita ce kuskure biyu na iya rufa wa juna asiri, ƙarancin hayaƙi a nan, ƙarancin iska a can, sakamako ya fito daidai bisa dalilin da ba daidai ba. Irin wannan kwaikwayo zai faɗi jiya daidai, amma ya ɓatar da mai tambayar gobe. Rahoton da majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta fitar a 1991 ya fito fili ya ce a sake tunani, a ba rage naitirojin muhimmanci a wurare da yawa. Ga kuma abin da ya fallasa a 2015, cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal wata dabara mai gane lokacin gwaji, a kan titi kuwa waɗansunsu na fitar da naitirojin har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Duk ƙididdigar da ta dogara da awon ɗakin gwaji ta sha ruwa ke nan.

Duk da wannan tuntuɓe, ba za a ce aikin bai yi amfani ba. Motocin da aka fara sayarwa a Amurka daga 1975 sun zo da na'urar tace hayaƙi a salansa, aka canza haɗin fetur, aka sa wa famfunan gidajen mai abin kama tururi. A 1977 an yi shelar gargaɗin hazo sau 121 a yankin Los Anjalis. A 1999 ba a yi ko sau ɗaya ba, alhali mutane da motoci sun ƙaru ƙwarai. Ita ma ƙa'idar an yi ta tsananta ta: kashi 0.12 cikin miliyan a awa guda a 1979, sa'an nan 0.070 a awa takwas a 2015. Wannan ta ƙarshe yankin bai cim mata ba. Ran 6 ga Satumba na 2020, ranar da aka yi wani matsanancin zafi, ozon a tsakiyar birnin ya kai 0.185, wanda rabon da a ga haka tun 1994. Wani bincike na 2018 ya nuna cewa da motoci suka tsabtata, fenti da turare da man shafawa da magungunan share gida sun kamo su wajen zuba haidirokabon a iskar birnin. Ƙididdigar da aka gina a kan mota sai an sake ta.

Ƙasar Sin ta ga nata salon. Daga 2013 ta yi yaƙi da ƙurar hayaƙi mai laushi, ta kuwa yi nasara ƙwarai, amma ozon na lokacin zafi ya riƙa hawa a manyan biranenta. Wani kwaikwayo da aka buga a 2019 ya ba da bayanin cewa ƙurar da aka kawar ta kasance tana haɗiye waɗansu daga cikin ƙwayoyin da ke hura wutar girkin, da ta tafi sai suka sami sarari.

Namu yankin

Yammacin Afirka yana da duk kayan haɗin: rana mai ƙarfi, tsofaffin motoci, babura, janareto a kowane lungu, girki da itace da gawayi, ƙona daji da rani, ga wutar iskar gas da ake ƙonawa a yankin Neja Delta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne awo. A damina ta 2006, ƙarƙashin wani babban shirin binciken damina na Afirka ta Yamma, wani jirgin bincike na Ingila ya yi sansani a Yamai, ya kuma yi shawagi a kan Legas, inda ya tarar da haidirokabon mai yawan gaske. Eloise Marais da abokan aikinta sun haɗa wannan awo da na tauraron ɗan'adam da kwaikwayon GEOS-Chem, a aikin da suka buga a 2014, suka nuna cewa ozon yakan taru a Nijeriya musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu da ta teku ke karo, iska ta kasa kwashe abin da aka zuba mata. A 2016 aka fitar da wata ƙididdigar hayaƙi ta Afirka wadda ta saka abubuwan da ƙididdigar Turawa ba ta san da su ba, irin su janareto da babura da kananzir da ƙona gawayi, kuma a shekarar ce jiragen bincike suka sake auna iskar gaɓar teku daga Abijan zuwa Kwatano.

Tun daga 2017 akwai tauraron ɗan'adam na Turai mai ɗauke da na'urar TROPOMI, wanda ke auna NO2 a kan kowane birni kullum, Kano da Legas da Yamai duk suna ciki. Sai dai daga sama yake leƙowa, jimillar abin da ke cikin sararin yake gani, ba abin da ke daidai hancin mai tafiya a ƙasa ba. Kafin a san ko Kano tana wannan gefen tudun Dodge ko wancan, sai an sami wanda zai ƙirga janareto da Keke Napep unguwa-unguwa, da na'urorin awo a ƙasa da za a gwada lissafin da su, a cikin gari da kuma ƙauyukan da iska ke bi bayan ta bar gari.